Mun Ari Kalmar Timba, Mun Bar Dokarta a Ingila

Duk wanda ya bi titin Zariya daga cikin birnin Kano har ya kai Na'ibawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, zai ga katako jibge tuli-tuli, manyan motoci suna saukewa, 'yan dako suna ɗauka, injinan yanka suna ta kuka. Sunan wurin a bakin jama'a 'Yan Katako. Amma a takardun kwangila da lissafin kayan gini da allunan shaguna, wata kalma ce ke mulki, wato “timber”, wadda harshenmu ya lanƙwasa ta koma timba. Injiniya ya rubuta ta, ɗan kwangila ya maimaita, mai gida ya biya kuɗi, ba wanda ya tsaya tambayar abin da take nufi, domin kowa gani yake ya sani. Timba katako ne, shi ke nan.

Wannan “shi ke nan” ɗin ce ke cinye mana daji da aljihu a lokaci guda. Ba ni da rigima da aron kalma. Hausa ta ari kafinta da tebur da benci da falanki daga Turanci, ta ari littafi da alƙalami daga Larabci, ba ta ragu da komai ba. Rigimata ita ce mun ɗauko buhun mun zazzage abin da ke ciki. A ƙasar da aka haifi wannan kalma, tana tafe da hani da iyaka da hisabi. Da ta iso hannunmu sai ta zama mayafi, wanda ake lulluɓe kowane irin itace da shi don kada a tambayi sunansa, ko garinsu, ko shekarunsa.

Asalin kalmar daga gida yake. A tsohon Turancin da aka yi magana da shi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, “timber” na nufin ginin kansa, ko kayan da ake tayar da shi, kuma akwai aikatau “timbran” mai ma'anar a gina. 'Yar'uwarta a Jamusanci ita ce “Zimmer”, wadda har gobe ke nufin ɗaki, shi ya sa Bajamushe ke kiran kafinta “Zimmermann”, mutumin ɗaki. Masana asalin harsuna suna mayar da su duka ga tushe ɗaya da “domus” ta Latin, wato gida. Mutanen arewacin Turai da itace suke gini, saboda haka sunan gini ya zame a hankali ya koma kan itacen. Da irin wannan ta faru a Hausa, da yau kalmar gini jar ƙasa take nufi. Ke nan duk wanda ya ce timba a wancan zamani, ya dubi bishiya ne ya hango rufin da 'ya'yansa za su kwana a ƙarƙashinsa.

Daga nan doka ta shigo, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi. A dokar filaye ta Ingila, ba kowace bishiya ce timba ba. Iri uku ne suka ci sunan a ko'ina, su ne “oak” da “ash” da “elm”, kuma sai sun kai shekara 20. A wasu yankuna al'ada ta ƙara wani iri, kamar “beech” a Buckinghamshire. Amfanin wannan rarrabewa shi ne, wanda aka ba shi cin moriyar fili iya tsawon rayuwarsa, ko wanda ya karɓi haya, yana da izinin ɗibar itacen girki, da na gyaran shinge, da na gyaran garma, da abin da zai toshe ɓarakar gida. Amma ba shi da ikon kayar da timba ya sayar, domin ana lissafa ta cikin gado, haƙƙin magajin da watakila ba a ma haifa ba tukuna. In ya sare, kotu za ta kira abin ɓarna, ta bi shi bashi. A 1543, zamanin Sarki Henry na Takwas, majalisa ta yi doka cewa duk wanda zai sassabe kurmi tilas ya bar bishiya 12 a kowace eka su girma su zama timba. A 1664, bayan rundunar jiragen ruwa ta koka da ƙarancin itacen ƙera jirgi, John Evelyn ya wallafa littafinsa Sylva yana kiran masu filaye su yi shuka. Duba fa, tsoron rasa timba ne ya haifi wannan kira, tun ba a san wani abu wai shi sauyin yanayi ba.

Kada mai karatu ya zaci ina wanke Bature ne. Wanda ya kafa wa bishiyar gidansu katangar doka, shi ne ya turo zarto dazukan Benin. Garin Sapele, a jihar Delta ta yau, ya zama tashar fitar da gungume har aka laƙaba wa wani irin katako sunan garin, kuma da wannan suna ake sayar da shi a duniya har yanzu. A can ne kamfanin UAC ya kafa katafariyar masana'antar katako ta AT&P. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanya ta buɗe wa falankin kudu da kwanon rufi, suka fara ture azara. Dokokin gandun daji na mulkin mallaka kuwa, da suka zo mana, da fuskar ɗan sanda suka zo. Suka ƙwace daji daga hannun mutanen da ke zaune a bakinsa, malamin daji ya zama dodo, bishiya ta zama ta gwamnati. Abin gwamnati kuwa, a wurinmu, kowa ya san matsayinsa: ba na kowa ba ne, sai wanda ya riga kai hannu. Ashe mun karɓi bulalar dokar, amma hikimar da ke cikinta, cewa babbar bishiya gado ce, tana can an bar ta a Ingila.

Amurkawa kuma nasu salon daban. Su “lumber” suke ce wa katakon da aka yanka, su bar “timber” ga bishiyar da ke tsaye a daji, ko manyan ginshiƙai, ko ihun gargaɗin da masu sara ke yi idan bishiya ta tashi faɗuwa. Abin dariya, a Ingila ma'anar “lumber” ta farko tarkace ce, komatsan da ake jibgewa a ɗakin shirgi. Idan aka dubi abin da ake ɗora wa gidaje da yawa a Kano da sunan rufi, sai a ce wannan tsohuwar ma'ana ta fi dacewa da mu.

Mu ɗauki ma'auni. Kowane yaron kafinta ya iya cewa tu-bai-tu, tu-bai-tiri, tu-bai-fo, wato inci biyu a kauri, biyu ko uku ko huɗu a faɗi. A Amurka ma tu-bai-fo ba ya cika inci biyu da huɗu. Bayan an busar da shi an goge, inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi, kuma haka ma'aunin yake a rubuce. Bambancin shi ne, can ragin sananne ne, iri ɗaya ne a kowane shago, injiniya ya san da shi ya yi lissafinsa a kai. A nan ragin ya danganta da hannun mai zarto da tsadar man fetur a ranar da aka yi yankan. Sunan yana nan daram, jikin yana ta ramewa. Kafinta ya karɓi abin da aka kawo masa, ya ƙara tazara tsakanin sanduna don kuɗin mai gida ya isa, ya buga ƙusa a itacen da bai kai ya riƙe ta ba. Iskar farkon damina ta zo ta yaye rufin makaranta ko na gida, sai a taru a jajanta, a ce tsautsayi ne. Wani tsautsayin da tef ɗin awo ake gane shi tun kafin hadari ya haɗu.

Sai batun ruwa, wanda ya fi na ma'auni ɓoyuwa. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani har ruwan ya kai rabin nauyinsa. Yayin da yake bushewa, ba ya canja siffa sai damshinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100. Daga nan ne yake fara tsukewa, kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare, shi ya sa yake murɗewa, ya lanƙwashe, ya tsage. To, yi tunanin falankin da aka yanka a dajin Ondo ko Edo ko Kuros Riba, inda iska ke jiƙe shekara duka, aka ɗoro shi a mota ya iso Kano cikin 'yan kwanaki, aka yi ƙofa ko gadon amarya da shi a watan Oktoba. Hunturu na shigowa, iska ta bushe ƙayau, itacen ya ci gaba da zubar da ruwansa a cikin ɗakin mutane. Kafin bazara ƙofa ta ƙi rufuwa, gado ya fara ƙara, fenti ya dare. Uwar amarya ta ce kafinta macuci ne, kafinta ya ce katakon zamani ne ba shi da albarka. Alhali itacen bai yi laifin komai ba, bushewar da ya kamata ya yi a rumfa cikin watanni ce ya ƙarasa a ɗakin aure. Maganin gara kuma, a wurare da yawa, bai wuce a shafa baƙin mai a bayan katako ba, wanda ba ya ratsa ciki. Gara ta bi ta inda aka yanka ta shige abinta.

Duk wannan yana yiwuwa ne saboda mai saye ya daina tambayar suna. Kakanninmu ba su san wani abu wai shi itace kawai ba idan ana maganar aiki. Masassaƙi ya san ƙirya ce ta turmi da taɓarya, maƙeri ya san gawayinta ne ke narka ƙarfe. Aduwa ta allo ce. Marke na ginshiƙi ne. Maɗaci da kawo da maje, kowanne da inda ya dace da inda bai dace ba. Magini kuwa ya san ba abin da ya kai namijin giginya da ya tsufa, wanda ake tsagawa a fitar da azara, ga ƙarfi ga gagarar gara. Da azara da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar da bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, yana jera gajerun azara wata kan wata har su haɗu a sama su rufe faɗin da guda ɗaya ba za ta iya ba. Wannan ilimin sanin halin itace ne, kuma da suna ake riƙe shi. Hatta taswirar Kano rajistar bishiyoyi ce: Giginyu, Kurna, Kawo, Tsamiyar Boka, Unguwar Rimi. Mai shakka ya je Giginyu, nan kusa da Bompai, ya ƙirga giginyun da suka rage.

'Yan kasuwar katako ba su manta sunaye ba, kada a zalunce su. Dattijon da ya shekara 30 a rumfa yana bambance obeche da afara da malaina da maɗaci ta nauyi da ƙamshi da launin ɓargo, ya san wanda ke jure rana da wanda ba ya jurewa. Ilimin yana nan a kansa. Inda ya ɓace shi ne a takarda, da kuma bakin mai saye. Mutumin da ba zai karɓi rodi ba sai ya tabbatar mai 12 ne ko mai 16, wanda ba zai sayi siminti ba sai ya ga sunan kamfani a jikin buhu, shi ne zai ce “a kawo timba ta rufi” ya juya baya. A kasuwar da ba a tambaya, mai gaskiya ne ke asara, domin busasshen katakonsa mai cikakken awo ya fi tsada, kuma ba shi da hanyar nuna dalili.

'Yan siyasarmu ma sun ari kalmar. Marigayi K. O. Mbadiwe, ministan Jamhuriya ta Farko wanda ya shahara da manyan kalmomi, shi ya bar wa Turancin Najeriya kirarin “timber and calibre”, wato gaggan mutane masu nauyi, ginshiƙan da za a ɗora wa al'umma. Har yau ba a taron ƙaddamar da littafi ko ɗaurin auren manya da mai gabatarwa ba zai jefa shi ba. Ni dai duk lokacin da na ji, sai in so a ƙarasa bayanin: wane iri ne, ya bushe ko ɗanye ne, kuma awonsa ya cika?

Inda rashin suna ya fi yin ɓarna shi ne a daji, kuma labarin madobiya ya ishe mu misali. Bishiya ce ta dazukan tsakiyar Najeriya da sauran Afirka ta Yamma, mai jan ɓargo, wadda makiyaya ke datsar ganyenta su ba dabbobi a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Da kasuwar kayan ɗaki na alfarma ta bunƙasa a Sin, aka cinye irin wannan itace a kudu maso gabashin Asiya, sai dillalai suka juyo Afirka. Suka bi ta Gambiya da Senegal da Ghana da Benin, suka iso Najeriya, inda suka ratsa Kogi suka dira Taraba. A ƙauyukan Taraba sunanta ya koma “Madrid”. A tashar jiragen ruwa ta Legas “kosso”. A Sin tana cikin jerin da suke kira “hongmu”. A takardun fitarwa kuwa, tun da doka ta hana fitar da gungume, sai a ɗan fafe gefensa huɗu ya zama mai kusurwa, a rubuta cewa katako ne da aka sarrafa. Suna huɗu ko biyar, ba ko ɗaya da zai sa Bahaushen da ke karanta jarida ya gane cewa madobiyar da ya sani ce ake kwashewa.

A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sanya madobiya cikin jerin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, dokar ta fara aiki a farkon 2017. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar bincike kan muhalli ta EIA ta fitar da rahoto tana zargin cewa an halatta gungume kimanin miliyan 1.4, na kusan dala miliyan 300, da takardun izinin da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar ƙasa. Hukumomin Najeriya sun musanta aikata ba daidai ba. Amma a 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, a 2022 kuma dakatarwar ta game sauran ƙasashen da bishiyar ke fitowa. Kafin nan mai aukuwa ta auku a dazuka da yawa. Ƙauyawa sun karɓi 'yan kuɗin da suka ƙare a shekara ɗaya, gwamnatocin jihohi sun karɓi harajin kan hanya, riba ta haye teku. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Me ya haɗa Kano da wannan? Kano ba ta da dajin timba, amma tana cikin manyan bakunan da ke cinye ta a Arewa. Kowane bene da ake zuba wa kankare yana cin falanki da sandunan tokare, waɗanda ake amfani da su sau kaɗan a yar. Kowace amarya da gado da kujeru da sif. Kowane aji da benci. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suna buƙatar katakon jera kaya da na akwatunan dako. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2010 ta nuna Najeriya tana rasa daji kimanin hekta 400,000 a kowace shekara tsakanin 1990 da 2010. Garin da ke saye ba ya tambaya yana da kaso a cikin wannan lissafi, ko da bai taɓa riƙe gatari ba.

Amma idan aka tashi taron ranar dashen bishiya, wa ake nuna wa yatsa? Matar da ke girki da itace. A kan wannan ne nake ganin an fi yin rashin adalci. Gaskiya ne, idan aka auna da yawa, itacen da ake ƙonawa a ƙasar nan ya fi wanda ake yankawa falanki nesa ba kusa ba, kuma cinikin gawayi da manyan motoci bala'i ne mai zaman kansa. Sai dai akwai binciken da ya kamata kowane jami'in muhalli a Kano ya sani. A shekarun 1980 wasu masana na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Farfesa Michael Mortimore, sun yi nazarin itacen girki a Kano, Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon a 1990. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton masana na lokacin: a gonakin da ke kewaye da birnin, inda jama'a suka fi cunkoso, bishiyoyi ba raguwa suke yi ba. Manomi yana datse reshe ya bar uwar, yana kare tsiron da ya fito, domin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo dukiyarsa ce. A wurare da dama a ƙasar Hausa ana lissafa ɗorawa cikin gado, har ta kan zama ta wani alhali gonar ta wani ce. Wannan fa ita ce dokar timba ta Ingila da rigar Hausa, kuma ba Bature ne ya koya mana ita ba. Inda bishiya ke da mai ita da suna, ta tsira. Inda ta zama ta gwamnati, a gandun dajin da ba mai tsaro sai mai karɓar na goro, can ne zarto ya yi ta'asa. Yau wasu daga cikin waɗannan gandaye, irin su Rugu da Kamuku, sun zama mafakar 'yan bindiga, wanda shi ma wani sakamako ne na dukiyar da aka bari ba mai ita.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada wannan a aikace. Daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Dabarar ba ta da tsada, amma ba ta yaɗu sosai ba sai da manomi ya tabbata cewa bishiyar da ya raina tasa ce, malamin daji ba zai ci shi tara ba idan ya sare ta. Ƙiyasin da masu bincike suka yi daga baya ya kai hekta miliyan 5 da bishiya kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Mu kuwa kowace damina sai a sanar da adadin tsiron da aka raba, a ɗauki hoton babban mutum da shebur, ba mai dawowa a watan Maris ya ƙirga waɗanda awaki suka bari.

Za a ce mini talaka ba zai iya sayen busasshen katako mai suna da awo ba. Talakan nan ai yana biya, har sau biyu: ranar da aka yi rufin, da ranar da aka sake shi. Za a kuma ce zamanin katako ya wuce, yanzu da ƙarfe ake rufi, kayan ɗaki kuma da allunan MDF na waje. Ƙarfe da dala ake shigo da yawancinsa, kuma wanda ya kasa sayen tu-bai-fo mai kyau ba shi ne zai sayi ƙarfe ba. Su kuma allunan nan garin itace ne da aka cuɗa da gam aka matse, wato bishiyar da wani ya shuka a ƙasarsa, ya girbe, ya sayar mana. Ba mu bar katako ba, gonar wasu muka koma ci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Kano ta san aikin tantance kaya tun kafin a haife mu. A zamanin dalar gyaɗa akwai ma'aikatan duba amfanin gona da ke ware mai kyau da maras kyau kafin a ɗinke buhu. A majemun Challawa har yau ana ware fata daraja-daraja, domin mai saye a Italiya ba zai karɓi “fata kawai” ba. A Dawanau ba mai sayen riɗi bai duba tsabtarsa da damshinsa ba. Duk inda mai saye na waje ne, mun iya suna da daraja da awo. Sai kayan da za mu ɗora a kan 'ya'yanmu ne muke saye a dunƙule. Hukumar SON, wadda ke bin rodi da siminti da wayar lantarki, da ƙungiyoyin 'yan katako da na kafintoci da na injiniyoyi, ba abin da zai hana su amince da rasit ɗin da zai faɗi irin itacen, da jihar da ya fito, da awonsa na gaskiya, da ko an busar da shi. Na'urar gwada damshin katako 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihun riga.

Wurin busarwa ma ba sai an gina sabo ba. Sharada da Challawa da Bompai cike suke da rumbunan masana'antun da suka rufe tun bayan durƙushewar masaƙu, ƙofofinsu a garƙame, ciyawa ta cinye harabarsu. Ɗakin busar da katako mai aiki da zafin rana bai wuce rufi mai ratsa haske da fanka da hanyar fitar da tururi ba, kuma rana ba ta cikin abubuwan da Kano ta rasa. Abin da zai sa ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa a ciki shi ne tabbacin mai saye, babban mai sayen katako a jihar nan kuwa gwamnati ce, da bencinan makarantunta da rufin azuzuwa da ƙofofin asibitoci. Ranar da takardar kwangilar gwamnati ta daina cewa timba, ta ce afara ko malaina, busasshe, inci kaza da kaza, kuma aka mayar wa ɗan kwangila mota guda ta bencin da bai cika sharaɗi ba, kasuwa za ta koyi rubuta sunan itace kafin mako ya zagayo.